Walkin da 'Yan Loji Suka Ƙi

Zongon Sekondi, Gana
13 ga Satumba, 2023

Ƙanena Musah,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Dubai, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan.

Kada ka yi mamakin ganin na rubuta a takarda na turo maka hotonta. Gidan nan cike yake da 'yan zaman makoki, ni kuma ka san muryata ba ta iya raɗa ba.

Jiya ni da Gwaggo Muniratu muka buɗe akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin teburin yanka, a shagon Baba. A can ƙasa muka tarar da wasu abubuwa guda uku naɗe cikin tsohuwar jarida. Farar fata ce mai laushi, mai kusurwa huɗu, da marfi da ya faɗo ta gaba kamar na ambulan, da igiyar ɗaurawa a ƙugu. Ɗaya fari ne fat. Ɗaya yana da shuɗin fure biyu na ribin. Na ukun fure uku gare shi, an kuma kewaye bakinsa da shuɗi. Ni na ɗauka kayan rawar 'yan makaranta ne. Gwaggo kuwa sai ta saki salati ta ja da baya, ta ce irinsu sak ta gani a ƙugun 'yan loji, 'yan ƙungiyar asirin nan, a jana'izar wani lauya a Takoradi.

Ka san Gwaggo. Ƙanwar Baba ce, amma kafin la'asar har masu sayar da koko sun ji. Yanzu a zongo cewa ake yi Baba ɗan loji ne, wai shi ya sa shagonsa bai taɓa rasa aiki ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana share masallaci kafin asuba.

Malam Rauf liman ya kira ni da yamma. Ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ba zai ja addu'ar arba'in ba sai an gane gaskiyar lamarin. Arba'in ɗin ranar 14 ga Oktoba ce. Idan liman bai zo ba, babu mai zuwa, kuma sunan da Baba zai tafi da shi ke nan.

Kai ne tela, kai ka zauna da shi a shagon. Ga hotuna nan. Ka faɗa mini mene ne waɗannan, don kaina ya kulle.

Yayarka,
Zenabu

*

Al Qusais, Dubai
16 ga Satumba, 2023

Yaya Zenabu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da yara da maigidanki. Allah ya ba mu haƙurin rashin Baba.

Na karanta takardarki sau huɗu, sau biyu a cikin jirgin metro, har na wuce tashar da zan sauka. Da na isa shago a unguwar Satwa na ɗinka wa wata abaya hannu a baibai. Maigidan shagon ya duba ya ce, "Musah, shwaiya shwaiya, bi a hankali, yau kanka yana ina?"

Gaskiya ban san mene ne ba. Ko in ce na sani, amma ban sani ba. Kamar na taɓa riƙe wani abu mai kama da su, sai dai shekara goma sha takwas ke nan rabona da shagon, abubuwa sun cakuɗe mini. Ɗinkin dai na Baba ne, wannan ko a hoto na gane. Babu mai juya kusurwa haka sai shi.

Kada ki kira ni a kan maganar nan. Mu takwas ne a flat ɗin, gado a kan gado, kuma yadda na ji, a ƙasar nan ba a yarda da loji ba ko kaɗan. Kada kuma ki ba mai kago, irin masu jigilar kayan nan, ya kawo mini su. In aka buɗe kaya a Port Saeed ta nan Dubai aka ga sunana, khalas, shi ke nan, biza ta tafi.

Mutum ɗaya na nuna wa. Sunansa Edwin Kure, Kirista ne daga Kafanchan a Najeriya, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, gadonsa ne a saman nawa. Na yi zaton zai tsorata, sai na ga ya sauko ya sa tabarau. Ya ce a Hausarsu walki ake kiran irin wannan. Kakansa ya yi aikin share ɗakin taron 'yan loji a Jos, shi ma an yi ta yi masa surutu har ya mutu, shi ya sa Edwin ya yi ta karance-karance a kansu. Ya fara yi mini bayanin wasu Turawa da suka yi faɗa shekara ɗari biyu da suka wuce. Na kasa gane haɗin faɗan Turawa da addu'ar Baba, sai na roƙe shi ya rubuto miki da kansa. Ke ce mai kan boko.

Ki ce wa Gwaggo ina gaishe ta, kuma don Allah ta ɗan huta.

Ƙanenki,
Musah

*

Al Qusais, Dubai
19 ga Satumba, 2023

Zuwa ga Malama Zenabu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina miƙa ta'aziyyar rasuwar Baba, Ubangiji ya ƙarfafa zukatanku. Ki gafarce ni da na rubuto ba mu san juna ba, Musah ne ya matsa.

Ni ba ɗan loji ba ne, karatu kawai na yi, kuma zan faɗi iya abin da na sani.

A ƙasar Ingila 'yan loji sun taɓa rabuwa gida biyu. Kowane ɓangare yana cewa shi ne a kan asali, sun fi shekara sittin suna wannan jayayya. A lokacin kowa walkin da ya ga dama yake ɗaurawa, wani dogo har gwiwa, wani da zane-zane iri-iri. A shekarar 1813 suka sasanta suka haɗe. Sai suka zaɓi mutane daga ɓangarorin biyu, aka ce su tsara hanya ɗaya ta gudanar da taro. Abin da ake faɗa a taron ba su yarda a rubuta ba, baki da baki aka koyar, shi ya sa har yau ake samun ɗan bambanci daga wuri zuwa wuri. Amma walki, shi an rubuta dokarsa. Faɗinsa inci goma sha huɗu zuwa sha shida, tsawonsa sha biyu zuwa sha huɗu. Sabon shiga, fari zalla. Mataki na biyu, fure biyu. Mataki na uku, fure uku da shuɗin baki, wanda a dokar yanzu ba ya wuce inci biyu. Lojin da suka bi tsarin Ingila a ƙasashenmu da wannan awon suka zo.

Ga amfanin wannan dogon bayani. Ki ɗauki tef ki auna su, sannan ki duba igiyoyin. Mutum ba ya ɗaura matakai uku a lokaci guda, kuma abin da aka ɗaura shekara da shekaru dole ya nuna a jikin igiya. Idan duka ukun sababbi ne, kuma awonsu daidai yake da doka, to a ganina samfur ne irin wanda tela yake ajiyewa don ya riƙa dubawa. Wato Baba ɗinka musu yake yi. Musah ya ce haka Baba yake ajiye samfurin rigunan 'yan kwayar coci da na 'yan makaranta.

Na yi wa Musah wannan bayani sau uku, har yanzu tambayata yake wane ɓangare ne ya ci faɗan. Babu wanda ya ci, sulhu aka yi.

Naki cikin girmamawa,
Edwin Kure

*

Zongon Sekondi
24 ga Satumba, 2023

Musah, da kai Malam Edwin,

Ina gaishe ku duka biyu, tunda gadonku ɗaya ne sama da ƙasa ba sai na ɓata takarda biyu ba. Malam Edwin, na gode, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa zaton zan san abin da Turawa suka yi a 1813 ba, ga shi ina faɗa wa mutane a bakin famfo.

Na auna. Sha biyar da sha uku, duka ukun, bakin shuɗin kuma inci biyu cif. Igiyoyin ko lanƙwasa ba su taɓa yi ba. Na kwasa na kai wa Malam Rauf da tef ɗina. Ya saurara, ya auna da kansa, ya ce wannan magana ce mai kama hankali, tela ai ba ya zama ɗan sanda don ya ɗinka kakin 'yan sanda. Na dawo gida har ina jin yunwa, karo na farko tun rasuwar.

To, ga abin da ban faɗa muku ba. Ba uku ba ne, huɗu ne.

Na huɗun a saman akwatin yake, cikin rigar da Baba ya cire ranar da za a kai shi asibiti. Na riga Gwaggo ganinsa, na cusa a zanina. Ban faɗa ba don tsoro nake ji, kuma har yanzu ina ji. Wannan ba sabo ba ne. Fatar ta yi baƙi da zufa, igiyar an yi mata ƙari har sau biyu, daidai yadda cikin Baba ya yi ta ƙaruwa. A bayansa an ɗinka aljihu, a ciki akwai guntayen alli. Bakin shuɗinsa inci uku ne. Furanninsa kuma huɗu.

Shekaranjiya Gwaggo ta shigo ɗakina neman ashana ta gan shi. Ta ƙirga furannin da yatsa. Ta ce tunda uku shi ne babba, ashe mai huɗu shi ne shugabansu gaba ɗaya, allin kuma na zana abubuwan tsafi ne. Ni da bakina na koya mata lissafin matakan, ga abin da ta yi da shi. Malam Rauf ya aiko cewa maganar ta koma ɗanya.

Malam Edwin, wane mataki ne mai fure huɗu? Musah, ka dubi hoton da kyau. Saura kwana ashirin, kuma na fara kallon hoton Baba a bango ina tambayarsa ko shi wane ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Taku,
Zenabu

*

Al Qusais, Dubai
2 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Malama Zenabu,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ina ta bincike ne, kuma dole in amsa cewa na rikice.

Babu fure huɗu a tsarin da na yi miki bayani. Manyansu ma ba ƙarin fure ake yi musu ba, cire furannin ake yi a sa wata alama dabam. Na ce ko na lojin ƙasar Sikotlan ne, don su kowane loji yana zaɓen launinsa, amma ban ga mai kama da wannan ba. Baki mai inci uku da wannan shuɗin mai haske ma ya saɓa doka. Ko dai akwai abin da ban karanta ba, ko kuwa wanda ya ɗinka shi bai san dokar ba. Amma Baba ya san ta, sauran ukun sun nuna. Nan tunanina ya tsaya.

Abin da ya fi damuna Musah ne. Tun ranar da ya ga hoton ya daina magana. Yana fita Satwa, yana dawowa, shinkafarsa tana hucewa a kwano. Jiya Lahadi na dawo daga coci na same shi ya buɗe hoton ya ƙara girmansa, yana kallon fure ɗaya. Na ce, "Yalla, tashi ka rubuta wa yayarka." Ya ce bai san ta inda zai fara ba. Ina ganin ya san wani abu. Ke ce babba, ki taɓa shi.

Naki cikin girmamawa,
Edwin Kure

*

Zongon Sekondi
4 ga Oktoba, 2023

Musah,

Gaisuwata gajeriya ce yau. Ba ka zo jana'iza ba, na ce biza ce, na tare maka bakin mutane. Yanzu saura kwana goma. In ka san wani abu ka yi shiru har ranar ta wuce, zan yafe maka don uwa ɗaya ta haife mu, amma zan daɗe ban yi ba.

Zenabu

*

Al Qusais, Dubai
7 ga Oktoba, 2023

Yaya Zenabu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kuma kina da gaskiya.

Ni na ɗinka shi.

Shekarar da na cika ashirin da ɗaya, zazzaɓi ya kwantar da Baba, ga aikin da za a karɓa washegari. Ya ba ni fatar a yanke, da ribin, da wata 'yar takarda mai awo. Ya ce in bi takardar kada in ƙara kada in rage, kada kuma in nuna wa kowa. Bai ce mini na waye ba, ni ma ban tambaya ba. Lokacin kin san kaina, gani nake na fi shi ido. Na shimfiɗa abin na ga fure biyu a ƙasa, ɗaya a marfi, sai ya yi mini kamar an manta da ɗaya. Na ƙara na huɗu a tsakiya. Bakin ma na ga ya yi siriri, na mai da shi inci uku. Har ina jiran yabo.

Da safe wani Bafante, ɗan asalin yankinmu, mai farar mota ya zo, Baba yana kiransa Papa Essuman. Suka shiga ciki, ba a jima ba mutumin ya fito hannu wofi. Baba ya kira ni. Bai taɓa yi mini faɗa irin na ranar ba. Ya ce mutanen nan sun fi shekara ɗari suna bin awo ɗaya, ni wane ne da zan gyara musu. Ya ce telan da ba ya iya bin awon mai kaya ba tela ba ne, mai wasa da almakashi ne. Na ce to ya riƙe shagonsa. Bayan sati biyu na tafi Kumasi, daga can Dubai.

Na gaya muku korata ya yi ba dalili. Shekara goma sha takwas kuna ganin laifinsa a kan wannan, shi kuma bai taɓa ƙaryata ni ba, don in ya yi bayani sai ya faɗi wa yake yi wa ɗinki. Da kika turo hotunan farko zuciyata ta raya mini, na ƙi saurara. Na huɗun ne ya hana ni gudu.

Ga shaidar da za ki kai wa Malam Rauf. Ki juya walkin ki dubi ɗinkin hannun da ya riƙe furannin, ki haɗa da na sauran ukun. Na Baba ya kwanta ta gefe ɗaya, nawa ta ɗaya gefen, don ni bahago ne. Malam ya sani, shi ya yi ta dukan hannuna a makarantar allo. Ki kuma nemi Papa Essuman in yana raye, gidansa yana kan hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Walkin nan ba na shugaba ba ne, ko ƙofarsu bai taɓa shiga ba.

Abin da ban gane ba, kuma shi ya hana ni cin abinci, shi ne zufar da ƙarin igiyar. Na ɗauka Baba ya ƙona shi tun ranar. A shagon nan na Satwa kowa ya san ni da bin awo, har tsokanata suke yi wai ko rabin inci ba na yafewa. Sau nawa na ɗauki waya in gaya wa Baba haka, sai mu ƙare a gaisuwa da labarin ruwan sama. Me ya sa zai ɗaura abin da ya kore ni a kansa? Ko don ya riƙa tuna haushina ne? Yaya, ban gane ba.

Ki yafe mini, ki roƙa mini Gwaggo ma.

Ƙanenki,
Musah

*

Zongon Sekondi
15 ga Oktoba, 2023

Ƙanena Musah,

Wa'alaikumus salam. An yi addu'a jiya. Malam Rauf ne ya ja, tabarmi ba su isa ba sai da aka aro na makaranta. Da ya juya walkin ya ga ɗinkin, cewa ya yi, "Wannan hannun na san shi, na yi fama da shi ban ci nasara ba." Gwaggo ce ta dafa wake da shinkafa, tana gaya wa kowa ita dama ba ta taɓa yarda ba.

Papa Essuman yana raye, da sanda yake tafiya. Ya zo ya zauna a benci daga waje har aka shafa. Na nuna masa walkin, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shekara talatin Baba yana yi musu ɗinki, ko ruwan ɗakin taronsu bai taɓa sha ba. Ya ce bayan tafiyarka ya ga Baba ya ɗaga riga zai ciro alli, sai ga abin a ƙugunsa. Ya ce masa ya jefar mana. Baba ya ce, "Ɗana ne ya yi. Hannunsa ya fi nawa, kansa ne bai zauna ba tukuna. Zan riƙe masa har ya dawo."

Duk shekarun nan muna ganinsa yana cusa hannu ƙarƙashin riga ya ciro alli, mun ɗauka aljihun wando ne.

Ka gaishe mini da Malam Edwin, ka ce masa ya daina neman mataki na huɗu. Walkin yana wurina, ban wanke shi ba. Ba zan ba mai kago ba. Ka nemi hutu ka zo ka karɓa da hannunka na hagu.

Yayarka,
Zenabu